Tagulla Ba Ta Gardama

 

Ranka ya daɗe Sarkin Zango, Allah ya gafarta malamai da limamai, iyayenmu mata, malaman makaranta, ɗalibai, da maƙwabtanmu Kirista da suka amsa gayyata, sannunku da zuwa.

Na san da aka faɗi kan maganar yau akwai wanda ya ce a ransa: mutanen Binduri, da hankalinsu ke kan kuɗin taki da buhun albasa da dokar hana fita, ina ruwansu da mutum-mutumin tagulla? Amsar ba ta da nisa, tana nan a hanyar Kulungugu, za mu iso ta. Amma bari in fara share fage. Hukuncin sassaƙa surar mai rai sananne ne a littattafan Malikiyya da muka taso a kansu. Ban zo taɓa shi ba, ban kuma zo roƙon a kafa wa kowa mutum-mutumi ba. Waɗanda aka riga aka kafa nake so mu karanta, tunda an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda na gabanmu suka ƙare.

Mai zubin tagulla da kakin zuma yake farawa. Ya murza shi ya yi laushi, ya fitar da surar da yake so, har ƙwayar ido da zanen riga. Sai ya shafe ta da lallausan yumɓu da aka dama da garin gawayi, ya bari ya sha iska, ya sake shafawa, sannan ya lulluɓe da yumɓu mai kauri, ya bar 'yar kafa. A sa a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye, gurbinsa ya rage a ciki. Can gefe yaro na ta zuga-zugi har jan ƙarfe da kuza su zama ruwa, a ɗura ta kafar nan, a jira ya huce, a fasa yumɓun. Haka aka yi kawunan Ife da allunan fadar Benin, haka kuma ake yi har yau a Krofrom kusa da Kumasi. Zobe ko munduwa, talaka ya iya sa a zuba masa. Mutum-mutumin da ya ninka tsawon mutum kuwa sai da tarin kuɗi, sai kuma da fili a tsakiyar gari, fili kuwa na hukuma ne. Saboda haka duk inda kuka ga babbar tagulla a tsaye, hannu biyu ne a kanta: na wanda ya zuba, da na wanda ya ba da izini. Na biyun nan shi ne maganata yau.

A birnin Rum akwai wata kasuwa da ake kira Campo de' Fiori. Da safe tumatir da ganye da furanni ake sayarwa. A tsakiyar rumfunan wani mutum na tagulla yana tsaye a kan dogon dutse, cikin rigar masu zaman zuhudu, hular rigar ta rufe masa goshi har fuskar ta yi duhu. Hannayensa a harɗe kan wani littafi rufaffe, fuskarsa na kallon wajen fadar Paparoma. A jikin dutsen an zuba hotuna uku: yana koyarwa, yana gaban alƙalai, yana cikin wuta. An kuma jera fuskokin wasu masana da suka sha irin wannan wuya, cikinsu har da Michael Servetus, wanda 'yan Furotesta ne suka ƙona shi a Janiba a 1553, ba 'yan Katolika ba.

Sunan mutumin Giordano Bruno. An haife shi a Nola kusa da Napoli a 1548, ya shiga ɗariƙar Dominikan yana matashi, ya gudu a 1576 da aka fara tuhumar aƙidarsa. Daga nan bai sake zama wuri guda ba. A Janiba mabiya Calvin suka kama shi suka hana shi ibada tare da su. Ya je Faransa, ya je Ingila ya yi rigima da malaman Oksford, ya je Jamus mabiya Luther su ma suka fitar da shi daga cikinsu. Yana cewa sararin samaniya ba shi da iyaka, taurari kuma ranaku ne irin tamu, kowace da duniyoyinta. Wani attajirin Venis mai suna Mocenigo ya gayyace shi ya koyar da shi, sannan ya kai ƙararsa a 1592. Ya yi shekara bakwai a kurkukun Rum, aka ce ya janye, ya ƙi. Ranar 17 ga Fabrairu 1600 aka ɗaure masa harshe don kada ya yi wa jama'a magana, aka ƙona shi a filin kasuwar nan.

Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Mutum ne mai zafin kai da kaifin baki, ga dogon sha'awar sihiri, kuma yawancin tuhumar da aka yi masa ta aƙida ce, ba ta taurari ba. A ciki akwai wadda Musulmi zai gyaɗa kai, akwai wadda Musulmi da Kirista za su haɗu su ƙi. Ni kaina ba na tare da shi a yawancin abin da ya faɗa. Sai dai wanda ya ɗaure harshen abokin gardamarsa ya riga ya nuna wa duniya cewa hujjarsa ta ƙare.

To wa ya kafa masa tagullar? Ɗaliban jami'ar Rum suka fara neman haka a 1876, shekara shida bayan sojojin Italiya sun ƙwace birnin daga hannun Paparoma. Manyan marubutan Turai irin su Victor Hugo da Henrik Ibsen suka sa hannu, Ettore Ferrari ya yi aikin. Majalisar birni ta yi ta jan ƙafa, sai da Firayim Minista Francesco Crispi ya shigo, wanda ya tsige magajin garin saboda ya aika wa Paparoma gaisuwar taya murna. Aka buɗe mutum-mutumin ranar 9 ga Yuni 1889, Paparoma Leo na 13 ya wuni yana azumi da addu'a don baƙin ciki. Crispin nan dai shi ne ya tura sojoji su ci Habasha, har sarkinta Menelik ya karya su a Adwa a 1896, shekarar da Jamusawa suka yi wa Dagwamba ɓarna a Adibo kusa da Yendi. Mai kare 'yancin tunani a Rum, mai neman bautar da baƙar fata a Afirka, mutum ɗaya ne. Da aka yi sulhu tsakanin gwamnati da Paparoma a 1929, aka so a cire mutum-mutumin. Wanda ya hana shi ne Mussolini. Shekara biyu bayan haka Mussolinin nan ya tilasta wa malaman jami'o'i rantsuwar biyayya ga mulkinsa, cikin fiye da 1,200 kusan 12 ne kawai suka ƙi. Bruno na tagulla yana tsaye yana kallo, bai ce uffan ba. Da Bruno mai jini ne, da a kurkuku ya kwana.

Wani zai ce wannan ai rigimar Nasara ce tsakaninsu, hankali a gefe, addini a gefe. Tarihinmu bai yarda da wannan rabon ba. A shekarar 833 halifa Ma'amun, mai son falsafa, mai ɗaukar nauyin fassara littattafan Girka a Bagadaza, shi ya kafa jarrabawar da ake kira Mihna: kowane alƙali da malami sai ya furta cewa Alƙur'ani halitta ne. Masu taƙama da hujjar hankali ne a gefen bulala a wannan karon, wanda aka ɗaure aka yi wa bulala kuwa Ahmad bin Hambali ne, mutumin hadisi. Kafin shi an daki Imam Malik a Madina zamanin halifa Mansur har kafaɗarsa ta goce, don ya ce sakin wanda aka tilasta bai auku ba. Masu mulki suka gane inda maganar ta dosa: in sakin dole ba saki ba ne, mubaya'ar dole ma ba mubaya'a ba ce. A 1195 kuma aka kori Ibn Rushd daga Ƙurɗuba aka ƙona littattafansa na falsafa, alhali alƙalin Malikiyya ne, mai Bidayatul Mujtahid da ake karantawa a zaurukanmu. Ku duba da kyau. Wani lokaci mai falsafa ke riƙe da bulala, wani lokaci shi ake duka. Abin da bai canza ba shi ne tilas, da kuma fadar da ke bayanta.

Yanzu mu dawo gida.

A watan Maris 1958, shekara guda da samun 'yancin Gana, aka buɗe mutum-mutumin Kwame Nkrumah a gaban majalisar dokoki a Akra. Wani Ba'italiye, Nicola Cataudella, ya yi shi. Abin da ya shafe mu shi ne rigar da ke jikinsa: batakari ce, irin tamu ta Arewa, irin wadda ya sa daren 6 ga Maris 1957 da ya shelanta 'yanci, hannunsa na dama a ɗage. Ma'anar a fili take. Ga baƙin mutum, a rigar talakan Arewa, a tsaye inda da sarakunan Ingila kaɗai ake girmamawa. Kuma mutumin ya cancanci yabo mai yawa. Dattawan da ke zaune a nan, da yawansu ba su ga aji ba sai don tallafin karatu da gwamnatinsa ta ware wa Arewa, bayan Turawa sun daɗe suna ɗaukar yankin nan rumbun leburori. Mai karatun falsafa ne, har littafi ya rubuta a kanta a 1964. In akwai shugaban da ya zo da sunan ilimi da wayewa, shi ne.

Amma ku ji abin da ke faruwa a gefen tagullar. Tun kafin a buɗe ta, a watan Agusta 1957, aka kori manyan Zangon Kumasi biyu zuwa Najeriya, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, jigogin jam'iyyar Musulmi da ke adawa. Suka je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, a nan aka haife su. Kafin alƙali ya yanke hukunci majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki, shari'ar ta mutu. A ƙarshen shekarar aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila da na yanki. A watan Yuli 1958 aka yi dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba. A gindin mutum-mutumin kuma an rubuta wata magana da aka ɗauko daga Linjila aka juya, aka sa mulkin siyasa a gurbin mulkin Allah. Majalisar Kiristocin Gana ta nemi a goge, ba a saurare ta ba. Mai mulki ya kori malamai daga siyasa, sannan ya ari harshensu ya yafa wa kansa.

A ƙarshen 1961, gab da zuwan Sarauniyar Ingila, bam ya taɓa mutum-mutumin. Ranar 1 ga Agusta 1962 aka nemi mai shi da kansa. Yana dawowa daga Tenkodogo inda ya gana da shugaba Maurice Yaméogo, ya tsaya a Kulungugu ya gaisa da 'yan makaranta, aka jefa gurneti. An rasa rai, mutane da dama suka jikkata, shi kuma aka kawo shi asibitin Bawku aka cire masa ɓaraguzan ƙarfe a baya. Wannan aika-aika ce, babu mai hankalin da zai wanke ta. Sai dai abin da ya biyo baya shi ya kamata ɗalibai su riƙe. A cikin watan aka kori Bishop Roseveare na cocin Angilikan daga ƙasar, don ya ce ƙungiyar yara ta Young Pioneers tana ba shugaba matsayin da ba na ɗan Adam ba, ko da yake daga baya an bar shi ya dawo. Aka kama na hannun daman Nkrumah uku, Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe. Kotu ta musamman ta zauna, alƙalai uku ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Sir Arku Korsah. Suka duba hujja, suka ga ba ta kai ba, a watan Disamba 1963 suka wanke mutum ukun. Cikin kwana biyu aka sallami Korsah. Aka soke hukuncin, aka sake shari'a, aka yanke musu kisa, daga baya aka mayar ɗauri. A 1964 ƙasa ta koma jam'iyya ɗaya. A watan Fabrairu 1965 jagoran adawa J. B. Danquah ya rasu a kurkukun Nsawam.

A ganina ranar da aka sallami Korsah mutum-mutumin nan ya faɗi, sauran jiran lokaci ne. Ranar 24 ga Fabrairu 1966, Nkrumah na kan hanyar Hanoi, sojoji da 'yan sanda suka kifar da shi, jama'a suka ja tagullar ƙasa, kai ya rabu da jiki. Waɗanda suka yi juyin ba su kawo mana aljanna ba, mu 'yan Zango mun san abin da dokar korar baƙi ta 1969 ta yi wa gidajenmu zamanin Firayim Minista Busia. Kotoka, ɗaya daga cikin jagororin juyin, shi ma an zuba masa tasa tagullar. Kan Nkrumah kuwa ya ɓace fiye da shekara arba'in, sai a 2009 aka dawo da shi. Wanda ya je wurin tunawa da shi a Akra zai ga jikin a tsaye ba kai, kan kuma a ajiye a gefe kan nasa dutsen. Wanda ya yanke shawarar kada a liƙa su, ya yi tunani. A duk ƙasar nan ban san mutum-mutumin da ya kai wannan faɗin gaskiya ba, kuma ba mai zubi ne ya tsara shi haka ba.

Wani abin mamaki, ɗaya daga cikin alƙalai ukun nan shi ne Edward Akufo-Addo. Ɗansa ya yi shugabancin ƙasa, ya buɗe nasa mutum-mutumin a Sekondi a watan Nuwamba 2024, kafin ƙarshen Janairu 2025 an farfasa shi. Mu ma a nan yankin Bawku mun ga abin da rushe mutum-mutumi ke tayarwa. Wannan rauni ɗanye ne, na bar shi.

Akwai wata tagulla da ta fi waɗannan wayo, don ba ta taɓa neman fili ba. Tonawan ƙasar Kumasi da kakanninmu ke sayen goro a hannunsu a Salaga mutanen awon zinariya ne. Kowane attajiri na da jakarsa: ma'auni, 'yan cokula, da tarin duwatsun awo na tagulla, wani bai fi kan yatsa ba. Lissafin awon ya samo tushe daga miskalin da fataken Wangara suka kawo. A kan 'yan ƙananan abubuwan nan maƙera suka zuba karin magana. Akwai kadoji biyu a gicciye, ciki ɗaya gare su amma suna faɗa kan abinci. Duk wanda ya san rigingimun gidajen sarautarmu ba ya bukatar fassara. A kan sandar mai magana da yawun sarki kuma akan sassaƙa hannu riƙe da ƙwai, wai mulki ke nan, ka matse ya fashe, ka sake ya faɗi. Gargaɗi ne ake ɗaga wa sarki a gabansa kullum. Mai saye da mai sayarwa kowa da nasa dutsen, kowa ya auna, sai an daidaita ake rabuwa. Ko a nan ma fa iko bai bar halinsa ba, don awon sarki ya fi na talaka nauyi, kowa kuma ya sani.

Mu Hausawan ƙasar nan ba mu zuba tunaninmu a ƙarfe ba. Ƙarfen da Salaga ta bar wa tarihi mari ne da sarƙa, ga kabarin Babatu mai farautar bayi a Yendi, kada mu yi kamar hannun kakanninmu bai taɓa cinikin mutane ba. Tunaninmu a takarda yake, da tawada da alƙalamin kara. Wanda ya fi kowa cika ta shi ne Alhaji Umaru, wanda ake kira na Salaga ko na Karachi. An haife shi a Kano a 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya biyo hanyar Gwanja ya zauna Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi ya zama limami, a can ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya, yana bayyana yadda suka shigo da lallami suka ƙare da bindiga. Wajen 1904 zuwa 1905 kuma wani mai wa'azi da ake kira Musa ya ratsa yankin nan da da'awar Mahadi, jama'a na ta binsa. Malam Umaru ya auna maganarsa da littafi, ya ga ba ta yi nauyi ba, ya rubuta ƙasida ya tona shi. Alƙalami ɗaya, ya taɓa mai bindiga, ya taɓa mai rawani, kuma mai alƙalamin limami ne.

Ba ɗan tawaye ba ne, kada in ƙara masa gishiri. Ya zauna lafiya da Jamusawa, har ya rubuta wa jami'insu Adam Mischlich tarihin ƙasar Hausa da al'adunta. Mutum ne da ya san zaman duniya, yana auna abin da zai faɗa da lokacin faɗarsa. Amma abin da ya rubuta yana nan, ana iya yi masa gardama, ana iya kama shi da kuskure, ɗalibi na iya yi masa ta'aliƙi a gefen shafi. Tagulla ba a yi mata ta'aliƙi, ko dai a sara mata ko a sare ta.

Kwafin rubuce-rubucensa da na malaman Salaga da Yendi da Wa suna Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana da ke Legon. An tattaro su a shekarun 1960, ana bin gidajen malamai ana aron littafi a ɗauki hotonsa a mayar. Nkrumah da kansa ya buɗe cibiyar a watan Oktoba 1963, ƙasa da wata biyu kafin ya sallami Korsah. A rubuta masa wannan ma a littafinsa. Ku ɗaliban da kuka haɗa allo da boko, kuna karanta ajami kuna karanta Larabci, abin da yawancin masu digiri a Legon ba su iya ba. Idan Allah ya kai ɗayanku can, ya tambayi sashen rubuce-rubucen Larabci, ya ce a fito masa da ƙasidar Alhaji Umaru kan Musa, ya kwafo mana ita mu karanta a zauren nan.